SANIN RUKUNIN JINI: DARASI GA SAMARIN MUSULMI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na wannan karo a kan jini ne, watau jinin nan da ke gudana a jikin kowane ɗayanmu. Wani zai ce, me ya haɗa ɗan littafin wa'azi da maganar asibiti? To, ka saurara. Sau nawa aka sallame salla a masallacin unguwarku, wani bawan Allah ya miƙe hankali a tashe, ya ce jama'a a taimaka, matarsa ta haihu jini ya ɓalle, likita ya ce a nemo leda biyu kafin dare? Ga samari majiya ƙarfi sun cika sahu, kowa da niyyar alheri, amma da zarar an tambaya wane ne mai jini iri kaza, sai ka ga ana kallon-kallo. Sai a kwashi mutum goma a nufi asibiti, a gwada wannan a ce bai dace ba, a gwada wancan a ce bai dace ba, ita kuwa baiwar Allah tana can kwance jini yana ta zuba. Saurayi ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai har da na masu zaman benci, amma harafi ɗaya tak da ke bayyana jinin jikinsa bai san shi ba. Wannan sakaci ne, kuma sakacin da ake biya da rai.

MENE NE RUKUNIN JINI?

Ka sani ya ɗan'uwa, baligi yana ɗauke da jini wajen lita 5 a jikinsa. Abin da ido ke gani ja ne kawai, amma a haƙiƙa ruwa ne mai ɗan fatsi-fatsi, da ƙwayoyi ƙanana suna iyo a cikinsa. Akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska daga huhu su kai wa sauran jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi masu sa jini ya daskare in an ji rauni. Maganarmu a kan jajayen take.

A bayan kowace jar ƙwaya akwai wata alama, kamar dai yadda makiyayi kan yi wa shanunsa alama don a gane nasa. Likitoci sun ba alamomin nan biyu suna A da B. Wanda ƙwayoyinsa ke ɗauke da alamar A, shi ne ɗan rukunin A. Mai alamar B, ɗan rukunin B. Wanda ya haɗa duka biyun, AB. Wanda ba ya da ko ɗaya, shi ake ce wa O. Da shi aka haife ka, daga mahaifinka da mahaifiyarka ka gado shi, abinci ba ya sauya shi, tsufa ba ya sauya shi, sauya gari ba ya sauya shi.

Ga inda hikimar take. A cikin ruwan jinin kowane mutum Allah Ya sanya dakaru masu kai farmaki ga duk alamar da ba ta gida ba. Mai rukunin A yana da dakarun da ke yaƙar B. Mai B yana da masu yaƙar A. Mai O yana da masu yaƙar duka biyun. Mai AB kuwa ba ya da ko ɗaya, domin in da yana da su, da kansa zai yaƙa. Saboda haka in aka ɗauki jinin mai A aka ƙara wa mai B, nan take dakarun za su far wa baƙin ƙwayoyin, su dunƙule su, su farfasa su a cikin jijiya. Sai mara lafiya ya kama rawar ɗari, zazzaɓi ya rufe shi, baya da ƙirji su ɗauki ciwo, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta tsaya da aiki. Wani ba ya kwana. An zo ceto, an ƙarasa shi.

YADDA AKA GANO

An daɗe ana wannan ɓarna cikin rashin sani. A shekarar 1667 wani likita a birnin Faris na ƙasar Faransa, Jean-Baptiste Denys, ya riƙa ɗura wa mutane jinin ɗan rago da na maraƙi. Da ɗaya daga cikinsu ya mutu sai magana ta kai gaban alƙali, daga baya aka hana aikin. A shekarar 1818 wani likitan Ingila, James Blundell, wanda ganin mata suna mutuwa da zubar jini bayan haihuwa ya dame shi, ya fara ƙara wa mutum jinin mutum ɗan'uwansa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalilin bambancin.

Sai a shekarar 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya bayyana sirrin. Abin da ya yi ba wani abu ne mai tsada ba. Ya ɗebi jinin kansa da na abokan aikinsa, ya raba ruwan da ƙwayoyin, ya riƙa gauraya ruwan wannan da ƙwayoyin wancan yana dubawa. Wani haɗin ya dunƙule, wani bai dunƙule ba, kuma abin yana bin ƙa'ida. Ta haka ya fitar da rukuni uku, a shekarar 1902 wasu abokan aikinsa biyu suka gano na huɗun, watau AB. An ba shi kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga watan Yuni, ita aka mai da ranar masu ba da gudummawar jini ta duniya. Ilmi irin wannan mai amfanin talikai ba a tambayar ƙabilar wanda ya zo da shi, karɓa ake yi a yi aiki da shi.

FOZITIF DA NEGETIF

Za ka ji mutum ya ce shi O fozitif ne, ko B negetif. Wannan wata alama ce ta daban, ana ce mata Rh, ko kuma D. Wanda ke da ita fozitif ne, ana rubuta masa alamar tarawa a gaban harafinsa. Wanda ba ya da ita negetif ne, ana rubuta masa alamar ɗebewa. In ka haɗa rukuni huɗu da waɗannan biyu, ka sami takwas ke nan. Kuma a nan sai mu yi gargaɗi, domin mun sha jin wanda aka ce masa jininsa fozitif ne ya fita daga ɗakin gwaji jiki a sanyaye, yana zaton cuta aka gano masa. Fozitif na rukunin jini ba ruwansa da cuta ko kaɗan.

A Nijeriya kusan rabin jama'a 'yan rukunin O ne. A da B kowanne ya ɗan haura kashi 20 cikin 100, AB kuwa 'yan kaɗan ne. Masu negetif a ƙasar nan wajen mutum 5 ne cikin 100, alhali a tsakanin Turawa sun kai wajen 15. Ka ga ke nan in mai O negetif ya yi haɗari a ƙasarmu, neman wanda zai ba shi jini aiki ne ja, domin shi ba ya karɓa sai daga O negetif ɗan'uwansa. Amma nasa jinin ana iya ƙara wa kowa a halin gaggawa, shi ya sa asibitoci ke tattalinsa kamar zinariya. Mai AB fozitif shi ne akasinsa, yana karɓar jajayen ƙwayoyi daga kowa. Mai negetif yana ba mai fozitif, amma ba a so a ba mai negetif jinin fozitif, musamman yarinya ko matar da ke cikin shekarun haihuwa, kuma dalilin yana nan tafe.

Akwai wasu alamomin fiye da waɗannan, masana sun ƙidaya tsare-tsaren rukunin jini sama da 40. Har akwai wani jini da aka gano a birnin Bombai na Indiya a 1952, wanda a gwajin farko sai ya yi kama da O, alhali mai shi ko jinin O ba ya karɓa. Mun kawo wannan ne don ka gane dalilin da ya sa asibiti ba za ta dogara da maganar bakinka ko katinka ba.

YADDA AKE GWAJIN

Abu ne na 'yan mintoci. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai goge maka yatsa, ya soka sabuwar allura, ko ya ɗebi kaɗan daga jijiyar hannu. Sai ya ɗiga jinin wuri uku a kan farin faranti. Ɗigo na farko ya sa masa wani ruwa shuɗi mai yaƙar A, na biyu ruwa rawaya mai yaƙar B, na uku ruwan da ba ya da launi mai yaƙar D, ya gauraya kowanne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai awara ya ga yadda ruwan waken suya ke tsinkewa ya yi gudaji in ta zuba masa ruwan tsami, to haka jinin ke yi in ya gamu da abokin gābarsa. In wurin shuɗin ya yi gudaji, kai A ne. In na rawayan ne, kai B ne. In duka biyu ne, AB. In babu wanda ya yi, O. Na ukun in ya yi gudaji fozitif, in bai yi ba negetif.

Amma fa a kula. Gwajin faranti yana iya kuskure in ruwan gwajin ya lalace saboda zafi ko ya wuce wa'adinsa, ko in mai dubawa ya yi gaggawa. Don haka ka je asibiti ko ɗakin gwaji mai rajista, a ba ka sakamako a rubuce da hatimi. In aka ce maka negetif ne, ka sake gwadawa a wani wurin don ka tabbatar. Kuma ina jan kunnen masu cika takardar lasin tuƙi: akwai gurbin rukunin jini a cikinta, da yawa sai su rubuta O fozitif da ka, don sun ji an ce shi ya fi yawa. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ka rataya wa kanka a aljihu kana yawo da ita a kan babur.

Idan ƙarin jini ya kama, likitoci za su sake gwada mara lafiya, sa'an nan su haɗa ruwan jininsa da ƙwayoyin ledar da za a ƙara masa su gani ko za su zauna lafiya. Za su kuma binciki jinin mai bayarwa ko akwai ƙanjamau, ko ciwon hanta iri biyu, B da C, ko tunjere. Kada ka tsaya kana yi wa ma'aikata tsawa kana cewa ai ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗura masa kawai. 'Yan'uwa ciki ɗaya suna iya bambanta a rukuni, wannan ba abin mamaki ba ne. To, in asibiti za ta sake gwadawa, ina amfanin sanin? Amfaninsa a taƙaice hanya, a san wa za a kira tun daga gida, ba a ɓata awa biyu ana gwada waɗanda ba su dace ba. Amfaninsa mafi girma kuwa yana wajen iyali.

MAGANAR AURE DA HAIHUWA

A nan nake so mu daɗe, domin yawancinku ko kuna neman aure ko kun yi sabon aure.

A shekarar 1939 wasu likitoci biyu a Amurka, Philip Levine da Rufus Stetson, suka ba da labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, jini ya zube mata, aka ƙara mata jinin mijinta. Ita O, shi O, amma jikinta ya ƙi jinin, ta sha wuya ƙwarai. Da suka bincika sai suka gane cewa ɗan da ke cikinta ya gaji wata alama daga ubansa wadda ita ba ta da ita, jikinta kuma ya riga ya tanadi dakarun yaƙar wannan alama. Wannan ita ce alamar Rh da muka ambata.

Ga yadda abin ke faruwa. Mace negetif ce, mijinta fozitif, ɗan cikin ya biyo uba. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya a al'ada, mabiyiya ta raba su. Amma a lokacin haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini da ciki, ko wani bugu a ciki, ɗan jinin yaron yakan tsallaka ya shiga jikin uwar. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo, ya ƙera dakaru, ya ajiye su. Ɗan fari yawanci yakan tsira, domin kafin a gama shirin yaƙin ya riga ya fito. Ciki na biyu in ya zo shi ma fozitif, sai dakarun nan su tsallaka ta mabiyiya su riƙa farfasa jinin ɗan tayi. Wani ya mutu a ciki, wani a haife shi a kumbure, wani a haife shi kamar lafiya, kafin kwana ɗaya ko biyu ido da jiki su yi rawaya da shawara mai tsanani, in ba a kai shi asibiti da wuri ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi kurma ko da shanyewar jiki. Kuma kowane ciki na gaba yakan fi na baya tsanani.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a gidajenmu. Mace ta haifi na fari lafiya, na biyu ya koma, na uku ya koma. Sai a sa mata suna mai wabi. Dangin miji su fara gunaguni, a ce aljani ya aure ta, a ce kishiya ta yi mata asiri, a ce tsohuwar maƙwabciya mayya ce. A kwashi kuɗi a kai wa boka, ya ce a kawo baƙin bunsuru, a yi wa jariri tsaga a fuska, a sa masa sunan banza wai don mutuwa ta raina shi ta ƙyale shi. A yi hasarar dukiya, a yi hasarar zumunci, a yi hasarar imani, wadda ta fi duka. Ba mu ce duk wabi daga wannan yake ba. Zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da gudawa, da ƙyanda, da rashin abinci mai gina jiki sun fi shi kashe yara nesa ba kusa ba. Amma akwai gidajen da dalilin ke nan, kuma gwajin 'yan mintoci zai nuna shi.

Maganin kuwa yana nan tun shekarar 1968. Allura ce ana ce mata Anti-D. Ana yi wa mace mai negetif ita cikin awa 72 bayan ta haifi ɗa fozitif, haka nan bayan ɓari, likitoci kuma sukan yi mata ita tun ciki yana mako 28. Aikinta ta kawar da jinin yaron da ya shiga jikin uwar tun jikin bai farga ya ƙera dakaru ba. Ka lura da kyau, rigakafi ce. In jikin ya riga ya ƙera dakarun, allurar ba ta da sauran amfani, sai dai likitoci su sa ido a kan kowane ciki, su shirya wa jaririn tun kafin ya fito. Kuma kowane ciki da tasa allurar. Tana da tsada, gaskiya ne, ba kuma kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba. To wanda ya san matarsa negetif ce tun ranar ɗaurin aure yana da wata tara na tanadi. Wanda ke iya sayen ragon suna, da atamfar fitar suna, ya ce allurar ta fi ƙarfinsa, lissafinsa ne ya karkace. Wanda kuma ya hana matarsa zuwa awon ciki, ya bar ta ta haihu a ɗaki babu wanda ya san jininta, ya sani amana aka ba shi, za a kuwa tambaye shi.

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Bambancin fozitif da negetif ba ya hana aure. In kai ne negetif ita fozitif, babu matsala ko kaɗan. In duka ku negetif ne, babu matsala. In ita ce negetif kai fozitif, ku yi aurenku, ku sanar da likita tun cikin farko.

RUKUNIN JINI DABAN, JINOTAIF DABAN

Wannan ruɗani ya yi yawa. Ka tambayi saurayi rukunin jininsa ya ce maka AA, ka tambaye shi jinotaif ya ce O. Abubuwa biyu ne, gwajinsu ma daban. Rukuni shi ne A, B, AB, O. Jinotaif kuwa shi ne AA, AS, SS, da AC ko SC, shi ke nuna ko mutum yana ɗauke da iri na cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Harafin A na nan ba shi ne A na can ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, lafiyarsa ƙalau, amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Kowane ciki muka ce. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya jera uku duk masu sikila. Wannan shi ne gwajin da ke sa a sake shawara a kan aure, kuma lokacin yinsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zuciya ba ta yi nisa ba. A shekarar 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. Ranar da ka je wannan, ka ce a haɗa maka da na rukuni, jini ɗaya za a ɗiba.

KADA ILMI KAƊAN YA SA KA ƘAZAFI

Akwai wanda zai karanta wannan ya koma gida ya duba katin ɗansa, ya ga shi A ne, matarsa B, yaro kuwa O, sai Shaiɗan ya fara yi masa raɗa. Tsaya. Kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kuma O yakan ɓuya a bayan A ko B. Saboda haka uba A da uwa B suna iya haifar A, ko B, ko AB, ko O, duka huɗun. Iyaye biyu masu fozitif suna iya haifar negetif. Uba AB da uwa O kuwa 'ya'yansu A ne ko B, ba mai kama da ɗayansu a rukuni. Ga kuma kuskuren gwaji da muka ambata, ga nau'o'in jini da ba a saba gani ba. Zargin matar aure da alfasha babban zunubi ne mai haddi a Shari'a, ba a gina shi a kan 'yar takardar ɗakin gwaji. In wani abu ya shige maka duhu, likita za ka tambaya, a asirce.

Haka nan ku yi watsi da abin da ke yawo a wayoyi, wai mai rukuni kaza mai haƙuri ne, mai rukuni kaza mai fushi, wai kaza bai dace ya auri kaza ba don halinsu ba zai zo ɗaya ba. Wannan camfi ne da ya yaɗu daga ƙasar Jafan tun wajen 1927, ba shi da hujja a ilmin likita, ƙanin duban taurari ne da aka sa wa rigar asibiti. Haka maganar wai kowane rukuni da abincin da ya kamace shi, an bincika ba a sami gaskiyarta ba. Abin da bincike ya nuna shi ne masu O ba su cika kamuwa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kamar sauran ba, amma kwalara ta fi yi musu mugun kamu. Kada mai O ya ji haka ya yar da gidan sauro.

BA DA JINI DA HUKUNCINSA

Har yau ba a sami masana'antar da ke ƙera jini ba, daga jikin mutum ake samunsa. Mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini, mai sikila, wanda mota ta buge, duk jiran wani suke ya miƙa hannu. Malamai sun halatta ƙarin jini saboda lalura, sun kuma ƙidaya bayar da shi cikin ayyukan lada matuƙar ba zai cutar da mai bayarwa ba. Babu laifi Musulmi ya karɓi jinin wanda ba Musulmi ba, ko ya ba shi nasa. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a shekarar 1989 ta yanke cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke haramtawa, saboda haka miji yana iya ba matarsa in likita ya ga ya dace, aurensu yana nan daram. Sai dai likitoci ba su cika son a ƙara wa mace mai sauran haihuwa jinin mijinta ba in akwai wani, saboda irin abin da ya sami matar nan ta 1939. Majalisar ta kuma yanke cewa sayar da jini bai halatta ba, amma wanda lalura ta tilasta wa saye, bai sami mai ba shi kyauta ba, babu laifi a kansa, laifin yana kan mai karɓar kuɗin. Samarin da ke zaman bakin asibiti suna ciniki da jininsu, su ji tsoron Allah. Mai sayarwa yakan ɓoye ciwonsa don kada ciniki ya ɓaci, yakan kuma bayar a kai a kai har ya rafke.

Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana cikin ƙoshin lafiya, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na jinin jikinsa. Ruwan yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, namiji kuma yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Maganar wai yana rage ƙarfin namiji, ko wai jinin ba ya dawowa, zancen teburin mai shayi ne. Ka ci abinci kafin ka je, ka sha ruwa sosai, ka huta bayan an gama, kada ka hau babur nan take. Ledar da ka bayar ana iya ajiye ta cikin sanyi har wajen mako biyar, don haka ba sai an yi haɗari za ka je ba.

Shawararmu ga samarin kowane masallaci, ku sa rana ku je a gwada ku gaba ɗaya. Ku sami littafi guda, a rubuta sunan duk wanda ya yarda, da rukuninsa, da lambar wayarsa, a damƙa wa mutum biyu amintattu waɗanda ba sa kashe waya da dare. A ja layi a ƙarƙashin sunayen masu negetif. Rukuni kaɗai za a rubuta, sauran sakamakon gwaji sirrin mai shi ne, kuma in asibiti ta mai da wani ta ce ba za a ɗebi nasa ba, kada a bi shi da tambaya, sau da yawa ƙarancin jini ne kawai ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba.

Saura tambayar da ake yawan yi, ko ɗibar jini yana karya azumi. Ɗan abin da ake ɗiba don gwaji ba ya karyawa. Ba da leda guda kuwa malamai sun ƙiyasta shi da yin ƙaho, inda suka yi saɓani: mafi yawansu, har da mazhabar Malikiyya, suna ganin ba ya karyawa, sai dai an karhanta shi ga wanda ake tsoron zai galabaita. Saboda haka in babu gaggawa, ka bari sai bayan buɗa-baki. In kuwa rai ne ake tsoron ya salwanta kuma kai ne mai rukunin da ake nema, ka je ka bayar, in jiri ya ɗebe ka ka sha ruwa, ka rama yini ɗaya bayan salla.